Ambulan Ɗin Kawu

Ina shekara ta uku a wani ofishin ayyuka na gwamnati aka damƙa mini ɗaya daga cikin makullai biyu na akwatin da 'yan kwangila ke jefa takardunsu. Ɗayan, irinsa sak, yana hannun shugaban sashenmu. Sai da aka sa na karanta dokar na sa hannu: ambulan da ya shiga akwatin ba mai buɗe shi sai ranar da aka tsayar, a gaban kowa. Farashin da wani ya rubuta kuwa, ko matarka ba za ta ji shi daga bakinka ba.

Daminar shekarar ruwa ya cinye hanyar shiga Gammo, aka fitar da aikin kwalbati. Cikin masu nema har da kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni a gidansa na Kabo tun rasuwar mahaifina har na gama sakandare. Magini ne mai ƙaramin ƙarfi. Ya daɗe yana jiran aiki ɗaya da zai tsayar da shi da ƙafarsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya same ni a gidana a Gwarzo. Muka gaisa, ya tambayi iyali da gona, sannan ya gyara zama.

"Ba cewa na yi ka ba ni aikin ba," in ji shi. "Ka dai leƙa mini abin da sauran suka rubuta."

"Kawu, a liƙe suke. Ni ma ban sani ba."

"Ba kai ke da makulli ba?"

"Amana aka ba ni, Kawu."

Sai ya ce, "To ni ga abin da zan rubuta." Kafin in tare shi ya faɗi adadin. "Ya yi yawa? Ko kai ka kaɗa mini, ba sai ka yi magana ba."

Na sunkuya ina duban ƙasa. Ya tashi ya sa takalmansa. Furar da aka kawo masa ko buɗe ta bai yi ba.

Ranar buɗewa ni na fito da takardun daga akwati. Da na ɗauki ambulan ɗin Kawu sai na ga bakinsa ya yamutse, gam ya yi ɗigo a gefe, irin gam ɗin da muke amfani da shi a ofis. Na dubi shugaban sashe. Wayarsa yake dannawa. Na ajiye ambulan ɗin cikin sauran.

Aka yi ta karantawa, farashin Kawu ne mafi sauƙi, har aka zo na ƙarshe, na wani Alhaji daga birni. Ya yi ƙasa da na Kawu da abin da ba zai sayi buhun siminti biyu ba. Aka miƙo mini rajista, na sa hannu cewa duk takardun a liƙe muka same su.

A bakin ƙofa Kawu ya tsaya har na fito. Bai ɗaga murya ba.

"Mutum ɗaya na faɗa wa," ya ce, ya hau babur ɗinsa.

Labari ya zaga dangi cewa na sayar da kawuna. Inna, mahaifiyata, ta kira ni ta ce, "Ka yi ko ba ka yi ba?" Na ce ban yi ba. Ta ce Allah ya sani. Daga nan aka daina aiko mini da goron suna ko na aure daga Kabo. Kawu ya koma aikin lebura a gine-ginen wasu, yana ɗaukar bulo tare da sa'o'in 'ya'yansa.

Bayan shekara huɗu ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Na je duba shi, na roƙi a bar mu mu biyu, na ba shi labarin gam ɗin tun daga farko. Ya saurara idonsa a rufe.

"Da ka gani, me ka ce?"

"Ban ce komai ba, Kawu."

"Ka kuma sa hannu?"

"Na sa."

Ya juya fuskarsa bango. Na zauna har aka kira la'asar.

Ya rasu a makon da ya biyo. A zaman makoki 'ya'yansa suka karɓi gaisuwata da ladabi, suka nuna mini wurin zama a waje, cikin baƙi.