Ranar da na saka barkono cikin kwamfuta

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan manta da jan barkonon nan ba.

Lokacin ina lise, wato babbar sakandare, a Tawa, cikin masu koyon rubuta manhaja. Ni ba mai magana ba ce, kallo ne nawa. Da kallon na gane matsalar ƙawata 'yar garin Affala, zabiya mai raunin gani. Kafin ta danna komai sai ta yi ta girgiza linzamin kwamfuta, hancinta dab da gilashi, tana neman 'yar farar kibiyar nan. Mushe, malaminmu, ya ɗauka wasa take yi. Ya ce in ba ta gama aikinta ranar Asabar ba, wata za ta karɓi kujerarta.

Na raɗa mata cewa kayan da muke gina manhaja da su sun yarda mutum ya zana tasa kibiyar.

"To zana mini barkono," in ji ta, "ja wur, wanda ko makaho zai ji yajinsa."

Na zana ƙato, na zagaye shi da baƙi, na saka a manhajarta. Nan take ta gan shi. Sai dai duk inda ta ɗora tsinin ta danna, shiru. Ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ke, barkononki da tumbi yake dannawa!"

Gaskiyarta. Ban nuna wa na'ura inda tsinin yake ba, ita kuwa ta zaɓi tsakiya. Muka ƙirga ɗigo-ɗigo har bakinsa, muka gyara.

Ranar Asabar Mushe ya tsaya bayanmu ya ƙura wa gilashi ido.

"Wanga kuma mine ne?"

Na tuna kujerar ƙawata, sai na buɗe baki.

"Mushe, farar kibiyar ce ba ta gani."

Ya gwada manhajar a tasa kwamfutar, mai tsari daban da tsofaffin namu, barkono ya fito ras. Ƙawata kuwa ta gama aikinta har da saura lokaci.

"Kujera taki ce, ɗiyata, ki yi haƙuri," ya ce mata. Ya juyo gare ni. "Ke kuma sarkin shiru, ni ma a zana mini. Amma tattasai, likita ya hana ni yaji."

Tun ranar na san lura kaɗai ba ta fid da kowa. Abin da ido ya gani, sai baki ya taya shi.