Ɗakin da Na Fita da Hannuwana

Na haura shekara goma ba na tafiya kafin wannan daminar ta zo. Tun ranar da na faɗo daga saman motar tumatir a hanyar Watari, daga ƙugu zuwa ƙasa ban sake jin jikina ba. Likita ya ce lakar bayana ce ta taɓu. A hankali muka koyi zama da abin. Matata ke juya ni kada gyambo ya kama ni, ita ke kula da robar fitsari. Ƙanena kuma kullum da safe ya sungume ni ya ɗora a keken guragu ya tura ni zaure. Keken ba ya shiga ɗakina, don ƙofar ƙarama ce, ga dokin ƙofa mai tsayi da aka yi saboda ruwa. A rumfa yake kwana. In ba a zo an ɗauke ni ba, inda aka bar ni nan za a same ni.

A shekarar malka ta zo da ƙarfi. Gero ya fitar da kai, kowa yana murna, amma ruwa ya ƙi ɗaukewa. Kwanaki ana yi, wani lokaci yayyafi, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Ɗakina na ƙasa ne, rufin azara, kuma bangon gabas ya daɗe yana neman yaɓe.

Ranar da abin ya faru, tun da safe ƙanena ya tafi jana'iza Dawakin Tofa. Saboda ruwa bai fitar da ni ba. Yara suna makaranta. Da hantsi aka aiko daga maƙwabta cewa wata mata tana naƙuda, matata ta juya ni, ta ajiye min ruwa a kusa, ta ce yanzu za ta dawo. Gidan ya rage daga ni sai Inna, mahaifiyata, wadda idonta ya kusa rufewa, tana ɗakinta can ɗaya gefen tsakar gida.

Abin da na fara ji shi ne ƙasa tana zubo min a fuska. Na kaɗe, na ɗauka gara ce. Sai na ji wata ƙara a hankali, ƙas, ƙas, daga saman kaina. Na ɗaga ido. Inda azara ta shiga bango ya buɗe, har ina ganin haske ta wurin. Bangon ya yi baƙi da ruwa tun daga tushe, ya turo ciki kaɗan.

Na laluba waya. A mace take, don mai cajin garinmu da hasken rana yake aiki, rana kuwa mun kwana biyu ba mu gan ta ba. Na ƙwala kira. Ruwa yana dukan kwanon rumfa, ni kaina da ƙyar na ji muryata. Na sake kira har maƙogwarona ya yi zafi. Wani curin ƙasa ya faɗo kan zanen da ke rufe da ƙafafuna. Na gan shi ya faɗi, ban ji komai ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Ban taɓa sauka daga gadon nan ni kaɗai ba. Na jefa matashi ƙasa, na ɗaure jakar fitsari a bakin rigata kada robar ta fizge, na yi bismillah na mirgino. Kafaɗata ce ta fara bugun ƙasa. Ƙafafun suka biyo baya, suka miƙe suka sandare suna karkarwa, kamar yadda suke yi in an motsa su da ƙarfi. Dole na jira suka saki, ina kwance ina kallon azara.

Da gwiwar hannu na ja jiki zuwa ƙofa. Tazarar da yaro zai tsallake da gudu, ni sai da na huta a hanya. Da na isa dokin ƙofa, na juya baya, na dafa shi da hannu biyu na ɗaga kaina. Santsi ya kwashe hannun, na dawo ƙasa. Na sake gwadawa, na sake dawowa.

"Wa ke nan? Kai ne?"

Inna ce. Ta ji kiran ashe, ta biyo bango tana lalube, ruwa ya jiƙa ta sharkaf.

Na ce, "Inna, ki koma! Ɗakin zai faɗi."

"In koma ina?"

"Ki je ki kira mutane."

"Kafin in lalubo zaure an gama. Ina hannunka?"

Ta durƙusa ta shafo kaina, ta shafo kafaɗuna. Ta cire mayafinta ta zura min ta ƙarƙashin hammata, ta naɗe bakin biyu a hannunta. Tsohuwar da buta ma sai an ɗaukar mata. Ta ce, "In na ce ɗaga, ka ɗaga." Karo na farko ba mu yi komai ba. Na biyu na hau rabi, na tsaya a kan dokin ƙofar, ina jin numfashinta a ƙeyata. Ta yi salati ta ja da dukkan nauyinta, muka zube tare cikin taɓo. Na kama ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya na jawo su waje, ta ci gaba da jan mayafi, ina turawa, har muka kai gindin turmi.

Ɗakin kuwa ya tsaya ƙyam. Muna zaune cikin ruwa, Inna tana haki, har na fara jin kunya, ina cewa a raina na wahalar da tsohuwa a banza. Sai kusurwar gabas ta zauna. Ba ta yi ƙarar da na zata ba, wani nishi kawai, azara ta sauko da ƙasar rufi a kan gadon.

Inna ta ce, "Mene ne?"

Na ce, "Ya faɗi."

Ta shiga shafa ƙafafuna tana duba su da hannu, can ta tsaya. "Wannan ɗumin ba na ruwa ba ne." Na duba. Kwanon ƙyauren ya yanke min ƙwauri, jini yana bin ruwa. Na ɗaure da mayafin. A haka matata ta shigo da gudu da mutane a bayanta, ta dubi ɗakin, ta dube mu, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

A asibitin garinmu aka ɗinke wurin, amma ba yankan ne ya fi ba mu wahala ba. Jan jikin ya saɓule min fatar mazaunai, kuma ga mai irin lalurata ƙaramin ciwo a nan yana iya zama ajali. Aka mayar da ni ɗakin Inna, rubda ciki. Zazzaɓi ya zo ya tafi ya dawo. Matata tana wanke ciwon safe da yamma, in na tambaye ta yadda yake sai ta ce da sauƙi, ni kuma ina sauraron muryarta in gane ko gaskiya ne. Sai da aka yanke dawa fatar ta haɗe.

Da kaka ƙanena ya kawo magini. Ya ce a mayar da ɗakin yadda yake, a ƙara wa dokin ƙofa tsayi. Na ce a'a, a faɗaɗa ƙofa, a yi gangara da siminti yadda keke zai shiga har bakin gado.

Ya ce, "Yaya, ruwa zai shigo."

"A haƙa masa hanya ta gefe."

Ya ce, "Na taɓa nuna maka gajiya da ɗaukarka?"

"Ba ka taɓa ba. Amma ranar kana Dawakin Tofa."

Ya fita, kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Daga baya na jiyo shi a tsakar gida yana gwada faɗin keken da igiya, yana faɗa wa magini ya ƙara taƙi ɗaya.

Ranar da siminti ya bushe, bayan la'asar na sauka daga gado zuwa keke da kaina, na gangara tsakar gida, na wuce zaure, na fita. Ban san inda zan je ba. Na bi hanyar masussuka inda mata ke casar wake, kafin in isa tayoyin suka nutse a rairayi. Na tura gaba, na tura baya, ko motsi. Wani dattijo maƙwabcinmu yana dawowa daga gona da harawa a ka, ya tsaya ya ce, "Malam, wa ya kawo ka nan ya bar ka?" Na ce ba kowa. Ya ajiye harawar ya kama keken, ya tambaye ni gida ko gaba. Na ce gaba.