Hukuncin Tururuwa

Ko yau in na ji ƙamshin kunun kanwa, sai in ganni a bayan ɗakin innata a Talata Mafara, ina ƙaramar yarinya, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba. Gidanmu gidan mahauta ne. Mai jego ba ta rasa nama a wurinmu, itacen wanka kuwa tun ciki na ƙarami Baba ke tara shi.

Da rani Inna ta haifi ƙanena. Kafin shi ta binne jarirai biyu, shi ya sa gidan ya yi tsit, ko guɗa a hankali aka yi ta. Ka san a lokacin ba a sa jariri ga mama sai an gwada nonon. Ungozoma ta tatsa kaɗan a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa ciki. In ta fito, nono mai kyau ne. In ta mutu, an ce shi ke kashe 'ya'ya.

Ina tsaye ina kallo. Nonon kauri gare shi, rawaya-rawaya. Tururuwar ta yi ta mutsu-mutsu, can ta daina.

"Nonon ga ba shi shayuwa," in ji ungozoma.

Inna ta juya fuskarta bango. Aka yi ta ba ta jiƙe-jiƙe, aka sake gwadawa, haka dai. Yaro kuwa nonon akuya bai karɓe shi ba, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa.

Akwai wata Bafulatana da rugarsu ke bakin gulbi wajen Bakura, mijinta na kawo wa Baba shanu. Tana da goyo. Ta shigo barka, ta ji labari, ta riƙe baki.

"A rugarmu ba mu tambayar tururuwa," ta ce. "Ku ba shi uwatai mana."

Kakata ta ce ita kam ba ta iya binne na uku. To, ai ba ka ga laifinta ba, tsoro ne. Sai baƙuwar ta kwance zane, ta ɗauki yaron ta sa a ƙirjinta. Wayyo, ka ga yadda ya kama! Aka ba ta ɗaki a gidanmu. Ita tana shayarwa, Inna tana gefe tana kallo, rigarta sharkaf da nono. A hankali ya ƙafe.

Da hadari ya fara haɗuwa, Fulani suka ce za su yi arewa da shanunsu. Yaro bai isa yaye ba, kuma babu wata mai goyo da ta yarda ta karɓi ɗan da aka ce nonon uwarsa na kisa. Manya suka zauna, suka yanke a tafi da shi, in rani ya zagayo a dawo da shi. Inna da kanta ta ɗaura wa Bafulatanar shi a baya, ta gyara masa wuya.

A shekarar Nasara suka shigo, ƙasa ta rikice, hanyoyi suka lalace, rugar ba ta sake sauka gulbin ba. Duk makiyayin da ya kawo sa ƙofar gidanmu, sai Inna ta aika a tambaye shi. Har ta rasu tana cewa ita ce mai mugun nono.

Bara jikata ta haihu a asibiti. Ko wanka ba a yi wa jaririn ba aka ɗora mata shi a mama. Na ce a dakata, nonon farko ne. Malamar asibiti ta yi murmushi ta ce, "Kaka, ai wannan mai kaurin shi ne maganinsa."

Na fito na zauna gindin bishiya, na yi kuka da tsufana. Ashe nonon Inna lafiyarsa lau, kuma babu wanda zan je in gaya wa.