Barkonon Kaka da Tokar Murhu

A ranin da ya biyo bayan miƙa mulki ga farar hula a 1979, wata safiya na tarar da kakata tsugune a lambunta na bayan Makera, tana duban barkono kamar mai jinya. Rediyon Baba Yohanna, maƙwabcinta na lambu, yana rataye a reshen gwaba yana ta zancen sababbin gwamnoni, amma hankalinta ba ya wurin. Ganyen ya yi yaushi, gefensa ya ƙone, alhali ƙasar a jiƙe take sharkaf. Irin nan daga garinsu ta ƙullo shi a bakin zane lokacin da ta biyo mahaifina Kaduna, kuma a shekarar ta shuka duk abin da ya rage. In ya mutu, ya ƙare.

Aikina ni da ƙannena shi ne jan ruwa daga rijiyar lambu da kwaso tokar murhu. Kaka ta yarda da toka ƙwarai. Kullum sai ta barbaɗa ta a gindin kowane tsiro, yadda take ƙara mana tuwo ko mun ƙoshi. Da ta ga yaushin sai ta ƙara toka, ta ƙara yayyafi. Rana ta shanye ruwan, ta bar farin ɓawo a kan ƙasa, mu kuwa muna ɓamɓare shi muna wasan kasuwa.

Baba Yohanna ya leƙo ta kan shinge. "Hajiya, ƙishirwa ke damun 'ya'yan nan naki."

"Ƙishirwa a cikin laka? Rediyo ya juya maka kai."

"Ɗanɗana ƙasar ki ji."

Ta lasa, ta yamutsa fuska, ta tofar. "Wannan miyar ko kai ba za ka sha ba."

Da na girma na ga irin wannan ɓawo a gonakin Sudan da na Masar, na ji sunansa da Larabci da Turanci. Bayanin ɗaya ne: gishiri yana riƙe ruwan a ƙasa, saiwa ta yi ta ja ta kasa, tsiro ya bushe yana zaune cikin danshi.

A ranar da Kaka ta lasa ƙasar, Baba Yohanna ya haƙa mata magudana, muka yi ta kwararo ruwan rafi har gishirin da tokar ta tara ya bi ta ya fice. Yawancin barkonon bai tashi ba, amma layin da ke bakin magudanar ya farfaɗo, ya ba ta iri. Ta daka yaji ta aika masa a gwangwani, da saƙon kada ya ƙara gishiri.

Yau gidaje ne a wurin, rijiyar ma an cike ta. Irin yana nan a tukwanen bayan gidana, kuma tun daga ranar toka ba ta sake zuwa gindinsa ba.