Furen Kabarin Smaranda

Profira ba ta taɓa ba kowa reshen fure ba, kuma ba rowa ba ce. A ƙauyenmu reshen da aka ba ka kyauta ba ya kamawa, sai ka faki ido ka karya ka soke a aljihu. Ita ce mai share makabartar coci, siririyar mace mai ɗingishi, ba ta da yawan magana. 'Yarta tilo, Smaranda, ta nutse a kogi tana budurwa. Profira ta ajiye mata tukunyar jar mushkata a kan kabari, furen nan da kowacce ke jerawa a taga. In sanyi ya shigo ta kai shi ɗakinta.

Wata bazara ganyen ya fito da fararen zobba, zobe cikin zobe, sak idanu. Profira ta ce yarinyar ce ke kallonta. Kullum tana gabansa tana ba shi labarin gari. Mu kuwa kyau muka gani. Duk wadda ta je ziyarar mamacinta sai ta dawo da reshe. Kafin a ankara tagogin ƙauyen duk idanu ne. Ka bi titi da rana tsaka, ba kowa, amma ƙeyarka na gaya maka ana kallonka.

Daga baya tsirran suka fara tsumburewa, furen ya daina buɗewa. Abin ya kai gonar masu sayar da furanni, aka turo wata mai binciken cutar tsirrai daga birni, Ruxandra. Ni na raka ta makabarta.

"Inna, a ba ni reshe ɗaya in gwada," in ji ta.

"Ba a bayarwa."

"Ai don bincike ne."

"'Yar nan, uwarki ba ta koya miki komai ba?" Profira ta juya baya tana gyara ɗankwali.

Na zunguri Ruxandra. "Ke, karya mana! Sai an buga miki ƙararrawa?"

Ta faki ido ta karya. A lokacin kaka Ruxandra ta dawo ta tara mu. Ta ce ƙwayar cuta ce, bairus, wanda ba a taɓa gani ba. A wurin aikinsu sun matse ruwan ganyen sun shafa wa lafiyayyun tsirrai, zobban suka fito. A na'urar duba ƙwayoyin cuta kamar zare yake. Ta reshe da bakin wuƙa yake yaɗuwa, kuma ba shi da magani. Sai a ƙone duka.

Profira ta ce, "Na kabarin fa, daga ina ya shige shi?"

"Shi ne ba mu gano ba, Inna."

"To ni na sani."

Aka haɗa wuta a bayan coci. Profira ce ta ƙarshe. Ta rungumo tukunyar, ta ƙi bari kowa ya taɓa, ta jefa da hannunta. Daga ranar ba ta ƙara share makabarta ba. Kafin ƙanƙara ta narke muka binne ta kusa da 'yarta.

Ranar da ake kai wa matattu jajayen ƙwai da burodi muka tarar da tukunya a tsakanin kaburburan biyu, ganyen cike da idanu. Kowacce ta rantse ba ita ba ce. Ni ban yarda da fatalwa ba, na san wata ce ta ɓoye reshe. Ba wadda ta aika wa Ruxandra labari.

Jiya na bi ta wurin. An riga an karya reshe biyu.