Kiɗan da Kawu Ƙwanƙwasau Kaɗai Ya Ji

Ina ƙarama na fara jin sunan, kuma ba a wajen yabo na ji shi ba. Muna cikin cin abinci na manta kaina ina buga cokali a gefen faranti, sai Umma ta ɗago ta harare ni ta ce, "Ke, ajiye cokalin nan. Ƙwanƙwasau ɗaya ya ishe mu a dangi."

Na tambaya wane ne Ƙwanƙwasau. Ta ce yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk ranar da na kira sunan ban sa "Kawu" a gaba ba, kunnena zai gaya mini.

A gidanmu ni ce mai ajiye tsofaffin hotuna da sanin wa ya haifi wa. Ba wanda ya naɗa ni, yawan tambayata ce ta jawo mini. Da na gama sakandare aka tura ni gidan Kawu in zauna ina koyon aikin kwamfuta, don haka wani abin da idona na gani, wani kuma daga bakinsa na ji. Shi kuwa idan yana ba da labarin kansa ba ya raga wa kansa ko kaɗan.

Tun yana yaro hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Benci, ƙofa, murfin tukunya, har kawunan ƙannensa, duk sun sha bugu. Ya nemi shiga ƙungiyar kiɗan makaranta, aka ba shi ganga ya gwada, malamin ya saurara, ya karɓe gangar a hankali ya miƙa masa tuta. "Sun ga tsayina ya fi hannuna amfani," in ji shi. Haka ya gama makaranta yana gaban makaɗa, riƙe da sanda, kiɗa na bin bayansa.

Ya sami aiki a ofishin aika kaya na wani kamfanin motocin haya, kuma a nan ya tsufa. Ɗaki ne ƙarami mai taga da ƙarafa, sikeli a bakin ƙofa, kwalaye da buhuna jibge har rufi, ga wata fanka da ke juya kai kamar mai ƙin magana. Aikinsa ya auna kaya, ya rubuta rasit, ya buga hatimi. Kowa ya san yadda ake buga hatimi: a taɓa tawada, a taɓa takarda, shi ke nan. Shi Kawu sai ya taɓa tawada, ya sake taɓawa, ya sauke a takarda, ya ƙara da bayan biro a gefen tebur, ƙafarsa na amsawa a jikin kwandon shara. Idan abin ya yi masa daɗi, rasit ɗaya sai ya fito da hatimi har a bayansa. Direbobi ne suka sa masa sunan. Da sun shigo za su ce, "Ƙwanƙwasau, a buga mana mu tafi, fasinja na jira, ba rawa muka zo ba."

Ya kan yi dariya tare da su, amma abin yana sukarsa. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Ku ƙwanƙwasa kuke ji. Ni kiɗa nake ji." Burinsa a duniya, bayan lafiya da rufin asiri, shi ne wata rana mutanen nan su ji abin da yake ji, ko sau ɗaya, su san ba taɓuwa ba ce.

A gida kuwa Inna, matarsa, ta gaji da kofuna masu tsaguwa da tire mai lanƙwasa. Ita ta kai ƙara wajen babbar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya, ita kuma ta zo hutu da wani kwali. Aka buɗe sai ga gangar lantarki. Ba ta yi kama da ganga ba ko kusa. Allo ne baƙi da bai wuce faɗin tire ba, an jera masa fayafayen roba kamar ƙananan farantai, ga maɓallai a sama, ga feda biyu masu waya da ake takawa da ƙafa, ga sanduna biyu. Tana aiki da wuta, tana aiki da batir, kuma duk ta shige jaka a rataya a kafaɗa.

Kawu ya kunna, ya ɗaga sanda ya sauke. Ƙarar da ta fito daga 'yar sifikar jikinta ta sa Inna sakin buta. Ɗakuna biyu suke haya a saman bene, kuma a ƙasansu akwai wani maigadi da ke kwana wajen aiki ya yi barci da rana. Kafin Kawu ya gama zagaya fayafayen, mutumin ya hau bene da takalmi ƙafa ɗaya, idanu jajur, yana tambaya ko gini ne ke rushewa. 'Yar ta ba shi haƙuri, ta zaro abin kunne daga kwalin, ta soka wayarsa a wani rami a bayan gangar. Nan take sifika ta yi shiru, ƙarar duk ta koma kunnen Kawu. Ramin ya ɗan yi sako-sako, wayar na fita, sai Kawu ya samo baƙin salatif ya naɗe wurin tam. Daga ranar ba a sake cire ta ba.

Lokacin da na zo gidan, abin ya riga ya zama ƙa'ida. Ya dawo aiki da yamma, ya watsa ruwa, ya jawo ƙaramin tebur, ya goge fayafayen da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Ya cire takalmi ya ɗora ƙafafu a feda. Ya sa abin kunne, ya rufe ido. Daga nan ya bar mu. Shi yana can cikin wani ƙaton zaure, ganguna manya da ƙanana na amsa masa, faifan ƙarfe na watsa ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Mu kuwa da ke falo, abin da ke iso mana shi ne faf, faf, faf na sanda a kan roba, da ƙwas-ƙwas na feda, da kukan kujera, da wani gurnani da yake yi ta hanci bai san yana yi ba.

"Kin ji makaɗinmu," Inna za ta ce tana zura zare a keken ɗinkinta. "Kamar kaji sun samu kwali."

Ta taɓa cewa ya ba ta abin kunnen ta ji. Ya ce bai shirya ba tukuna. Ni ma na roƙa, da yake ba na iya ganin abu ban tambaya ba, ya ce, "Ɗiyata, ba a ɗanɗana miya tana kan wuta." Shekaru suka wuce miyar na kan wuta. Daga baya ya gaya mini gaskiya: ba ya son a ji shi a ɓoye, a falo, tsakanin keken ɗinki da kwandon wanki. So yake a ji shi gaba ɗaya, a gaban waɗanda suka sa masa suna.

Damar ta zo da lokacin ajiye aikinsa. Kamfani ya ce za a yi masa 'yar liyafa a zauren jiran fasinja, da rana, kafin motar yamma ta iso. Kawu ya shiga ofishin manaja, ya cire hula ya mayar, ya ce maimakon jawabi yana so ya yi kiɗa. Manaja ya ce, "Kai da hatiminka?" Ya ce a'a, da ganga. Labari ya zagaya tasha kafin ya koma kujerarsa.

Ya yi ta atisaye har sai da sanda ta yi masa kanta a yatsu. Ya sayi sabon batir. Ya sa Inna ta rage masa hannun riga don kada ya kama sanda. Ya gaya mini cewa ranar zai cire salatif, ya buɗe sifika har ƙarshe, in ya so maigadin ya jiyo daga gadonsa.

Ranar ni na rataya jakar, ina tafe ina jin kaina kamar wata babbar ma'aikaciya. An jera bencina, an ajiye lemo da biskit a kan tebur. Direbobi, masu lodi, mai sayar da tikiti, mai shara, har da wasu fasinjoji da suka zo da wuri, duk sun zauna. Manaja ya yi jawabi ya ce Kawu bai taɓa ɓatar da kayan kowa ba sai dai ya ƙarar da tawada. Aka yi dariya, aka ce bismilla.

Kawu ya zauna, ya ɗago kai ya ga idanu. Mutumin da ya shekara da shekaru yana kallon jama'a ta bayan ƙarafan taga, yau ba ƙarfe tsakaninsa da su. Ya ce sai ya ji kansa ya zama fanko, hannunsa ne kawai ya tuna hanya. Hannun ya ɗauki tsumma ya goge fayafayen. Ƙafafu suka fita daga takalmi suka hau feda. Hannun ya ɗauki abin kunne ya ɗora a kai. Ido ya rufe.

Ya fara a hankali, sannan ya hau. Ya ce bai taɓa kaɗawa kamar ranar ba. Duk abin da ya tara tun daga tutar makaranta ya zubo ta sandunan nan. Gumi ya jiƙa rigar, kafaɗu na rawa, kai na kaɗawa, har ya ɗaga sanda sama ya juya ta a yatsu, abin da bai taɓa yi ba ta faɗi ba.

Mu kuwa: faf, faf, faf. Ƙwas. Faf-faf. Da gurnanin hanci.

Ba wanda ya taɓa ganin irin gangar a zauren, don haka kowa ya ɗauka haka kukanta yake. Ni da ya kamata in fi kowa sani, ina gaba ina ɗaukar hoto, ina jira a zo wurin da zai cire salatif, don na ɗauka wannan share fage ne. Wata fasinja ta taɓa ni ta ce, "'Yan mata, an fara ne?" Na dube ta da fuskar masu ilimi na ce, "Ta zamani ce, Hajiya, sai an natsu."

Inna ce kaɗai ta gane. Ta miƙe tana ɗaga hannu tana cewa, "Malam! Abin kunnen! Cire abin kunnen!" Ina zai ji? Direbobi suka ga matar mutum ta tashi tana ɗaga hannu, suka ɗauka taya shi take, sai suka kama tafi suna bin faf-faf ɗin. Inna ta duba dama ta duba hagu, ta koma ta zauna, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Ya ƙare da wani bugu da ya sa teburin ya matsa. Ya buɗe ido, ya zare abin kunne, tafi ya cika masa kunne. Fuskarsa a lokacin tana cikin hotunan da na ajiye, kuma ban cika son kallonta ba. Sai babban direba ya taso ya rungume shi ya ce, "Wallahi Ƙwanƙwasau, sak yadda kake buga hatimi! Ko ido na rufe na san kai ne." Manaja ya ƙara da cewa, "Kuma abin kirki, ba ta da hayaniya. Irinta ya kamata a saya wa yara."

Kawu ya dubi abin kunnen da ke hannunsa. Ya bi wayar da ido har inda baƙin salatif yake naɗe, lafiya lau, ba wanda ya taɓa shi. Ya buɗe baki zai ce a dakata, sai ga hon ɗin motar yamma a bakin ƙofa. Masu lodi suka zabura, fasinja suka yi kan kayansu, aka fara jan bencina. Mai shara ya zo da tsintsiya ya tsaya yana jira ya ɗaga ƙafa.

A hanyar gida, da muka kusa isa, sai Kawu ya ce, "To. Na tara mutane na yi wa kaina kiɗa." Inna ta ƙyalƙyale, shi ma ya bi ta, har sai da suka tsaya suka dafa bango. Daga baya shi da kansa yake ba da labarin a duk taron dangi, yana kwaikwayon yadda ya juya sanda, yana cewa shi ne makaɗin da bai taɓa damun kowa ba. Amma gangar ta daɗe a cikin jaka a bayan ƙofa, kuma hannunsa ya koma zama shiru a kan gwiwa, abin da Umma ta ce ba ta taɓa gani ba tun tasowarta.

Ana saura kaɗan in koma gida, wata yamma Inna ta fita kai ɗinki, ya ce in ɗauko jakar. Ya jera komai, ya goge fayafayen, ya cire takalmi. Ya ɗauki abin kunne ya riƙe jim, sannan ya miƙo mini.

"Sa. Yau ni zan ji robar."

Na sa. Kumfar jikinsa ta tsufa, tana warin man gashinsa. Ya ɗaga sanda ya sauke, sai falon ya buɗe ya yi faɗi. Akwai wata babbar ganga da ke bugawa a ƙirjina duk sanda ya taka feda, akwai ƙanana da ke guje-guje daga kunnen dama zuwa na hagu, ga faifan ƙarfe na zubowa a kansu. Ta cikin wannan duka ina kallonsa, dattijo da singileti, idonsa a buɗe a karon farko, yana sauraron faf-faf ɗin da muka sha shekara da shekaru, yana yamutsa fuska.

Da ya tsaya ya ce, "Haka kuke ji? Kai, Innarku tana da haƙuri."

Na cire abin kunnen, na gyara zama, na shirya jawabi, don ni ba a rasa ni da jawabi. Ya ɗaga sanda ya tsayar da ni.

"A'a, riƙe abinki. In kin ce da daɗi zan ce kunyata kika ji, in kin ce babu daɗi ba zan yi barci ba. Na san ki, wata rana sai kin ba da labarin nan, har da na salatif. Ki bayar, ban hana ki ba. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki ce na iya, kada ki ce ban iya ba. Ki dai gaya musu cewa akwai wadda ta ji."