Abin da Ya Shaƙe Fankar Alhaji

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Ɗan Ladi ya kawo mini kat-kat ɗinsa, babbar motar nan mai keta yashi, ba, kuma tun da kun baje kuna jiran shayi ya nuna, ku ƴan koyon aiki, ku matso ku ji. Lokacin garajinmu yana bakin hanyar Dungas, nan Magarya, ni ke riƙe da ɓangaren wuta: batir, fitilu, wayoyi, duk inda lantarki ke bi a jikin mota. Bazara ce, irin wadda in ka manta kile, ƙarfen kwance noti, a rana sai ka nemi tsumma kafin ka ɗauke shi.

Alhaji ɗan kasuwa ne, wake da riɗi yake saye a kasuwannin ƙauye. Yana da kyauta, ba a raba shi da wannan, amma in ransa ya ɓaci ba ya jin kira. Shofer ɗinsa Isufu, mutumin Guci, ya daɗe yana ja masa mota, shi da iyalinsa duk da sitiyarin nan suke ci. A kujerar baya kuma ga mahaifiyar Alhaji, Hajiya Inna, za su kai ta bikin suna a Dogo-Dogo. Ta fito tana fifita da gefen mayafi, muka shimfiɗa mata tabarma can ƙarƙashin dogon yaro.

Ko gaisuwa ba mu ƙare ba Alhaji ya fara. "Laminu, dubi abin da yaron nan ya yi mini. Kilim ba sanyi, shofaj ba zafi, ko iskar banza ba ta fitowa. Da na shiga kasuwa sai ya kunna ya miƙe ƙafa yana barci, ga shi ya ƙona mini ita."

Yaron da ake faɗa fa har furfura ta fara masa a gemu. Isufu ya ce, "Wallahi Alhaji ban taɓa..."

"Rufe mini baki!"

To, ku da kun ji an ce kilim ba sanyi sai ku ruga ku ce gas ya ƙare, don nan bakinku ya saba. Ku buɗe kunne. Kilim da shofaj fanka guda suke da ita, tana ɓoye ƙarƙashin akwatin gaba, wajen ƙafar mai zaman banza. Ita ke tura iska, ko ta bi ta wajen sanyi ko ta wajen zafi. In duka biyun sun mutu rana ɗaya, kuma ba iska ko kaɗan, ba ruwan gas. Fanka ce, ko hanyar da wuta ke bi ta je mata.

Kuma ba a fara aiki daga mai tsada. Na fara da fizibil, ɗan abin nan da ke ƙonewa don ya tsare sauran. Na same shi a ƙone. Na zare soket ɗin fanka, na sa sabo, na murɗa makulli a kontak: bai ƙone ba. Na kawo fitilar gwaji na taɓa bakin soket, na juya maɓalli daga na ɗaya har na ƙarshe, ko'ina wuta tana zuwa. Ke nan rele mai buɗe wa wuta hanya lafiya, rezistans da ke rage gudu ita ma lafiya. Da na mayar da soket sai na ji fanka ta yi gurnani ƙasa-ƙasa, tana so ta juya ta kasa, sai tas! fizibil ya sake tafiya. Na ce wa Alhaji, "Ko dai injin fankar ya ƙage, ko wani abu ya shaƙe ta. Sai na sauke."

Kun san yadda ake sauke ta: ka kwanta rigingine, kai a ƙarƙashin akwati, ƙafafu a waje, gumi yana shiga maka ido. Ga Alhaji tsaye a kaina ya tare ɗan hasken da nake gani da shi. Na kwance kusoshin, na jawo fankar a hankali, sai wani abu ya faɗo mini a ƙirji, ya gangara ƙasa, daidai ƙafar Alhaji.

Laya ce. Baƙar fata, girman akwatin ashana, ɗinki tsaf.

Alhaji ya yi tsalle baya kamar ya taka garwashi. "Innalillahi! Sammu! A motata!" Ya juya kan Isufu. "Wa ke kwana da motar nan? Wa ke riƙe da makulli? Ashe abin da kake yi mini ke nan, shi ya sa duk abin da ka roƙa ba na iya hana ka!"

Abin dariyar shi ne, duk Magarya an san Alhaji da sukar laya. A majalisa shi ke cewa tarkacen jahiliyya ne, ba ta tsinana komai. Na ɗago kai na ce, "Alhaji, ba kai ke cewa ba ta ci ba?" Ya ce, "Ban yarda da ita ba, amma ai ba a so a yi wa mutum!"

Kafin ka ce kwabo garaji ya cika. Mai shayi ya bar tukunya a wuta, masu faci sun zo, ƴan kabu-kabu sun jingine babura. Alhaji ya ce, "Ajiye mini makullina." Isufu ya zaro shi daga kontak, ya ajiye kan kapo, murfin inji, ya ce, "Alhaji, na rantse da wanda ya halicce ni, ban taɓa ganinta ba." Ba wanda ya saurare shi.

A nan dariya ta ɗauke mini. Ku ba ku san abin nan ba tukuna. Shofer in ya yi hatsari aka kore shi, gobe wani zai ba shi mota, a ce ƙaddara ce. Amma a ce ya yi wa maigidansa asiri? Daga Magarya har Dungas ko amalanke ba mai ba shi ya ja. Na tausaya masa ƙwarai, kuma raina ya ɓaci.

Na miƙe na ce, "Alhaji, nan garaji ne ko gidan alƙali? Fankar tana hannuna, ban ma duba cikinta ba, kai har ka yanke hukunci. Ku ja baya ku ba ni wuri!"

Na ɗora ta kan tebur. Fankar mota ba irin ta ɗaki ba ce, kamar ɗan kwando take, da haƙora kewaye. Na kifa ta na girgiza, sai ga laya ta biyu ta faɗo, ƙanwar ta farko. Jama'a suka ce, "Kai!" Na leƙa, ga wata kuma ta maƙale tsakanin haƙoran, ita ce ma ta tsayar da komai. Da turnabis, abin kwance kusoshi, na ɓanɓaro ta. Wannan tsohuwa ce, jar fata da gumi ya mayar baƙi-baƙi, da guntun igiya a jiki.

Maimakon sauƙi sai abin ya ƙaru. "Har uku!" "Wannan ba ƙaramin mugu ba ne!" Wani ɗan kabu-kabu har yana cewa a kira jandarma. Isufu ya sulale ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Shi kuwa Alhaji, tun da ta ukun ta fito, na lura bakinsa ya mutu, sai gyara hula yake.

Hayaniyar ce ta taso Hajiya Inna. Ta zo tana dogara sanda, aka buɗa mata hanya. "Me ake yi wa ihu kamar an ga kura?" Ta dubi tebur, ta dube ni. "Kai ɗan nan, wa ya ce ka fito mini da kayana?"

Alhaji ya ce, "Inna, kayanki?"

Ta ɗauki ta farko. "Wannan ranar da aka kawo motar na sa ta." Ta ɗauki ta biyu. "Wannan kuma bayan tayarku ta fashe a hanyar Guci, na ce ashe guda ba ta isa ba. Na buɗe akwatin nan na gaba, na tura hannu can ƙurya, na ji wani rami mai kyau, na ce nan ba mai gani."

Ramin mai kyau, ku sani, nan ne bakin da fanka ke shaƙar iska. Asali akwai filtir a wurin da ke tare ƙura, amma wani gwani ya cire shi tuntuni bai mayar ba. Duk abin da aka tura can, kai tsaye cikin kwandon fanka zai sauka.

Alhaji ya ce, "Haba Inna, me ya hana ki gaya mini?"

"In gaya maka ka yi mini wa'azi? Ni na haife ka, ko kai ka haife ni?"

Mutane suka fara murmushi. Sai ta ɗauki ta ukun, ta juya ta, ta kai ta kusa da ido. Ta ce, "Wannan dai ba ni na sa ba." Nan take idanu suka koma kan Isufu. Ta ci gaba da juya ta, can ta ce, "Amma na san ta. Ɗan Ladi, ba ita ce marigayi babanka ya karɓo maka ba, ranar da za ka fara fatauci? Ni na ɗaura maka ita a damtse. Ba ce mini ka yi ka jefa ta rijiya ba, shekarar da ka fara tsayar da gemu?"

Wayyo! Da ƙasa za ta tsage da Alhaji ya shige. Ya ce, murya can ciki, "A akwatin nan na ajiye ta, Inna. Tun sanyi ta ɓace, na neme ta har na gaji. Ba wai don na yarda ba ne, don dai tunawa da Baba."

Mai shayi ne ya fara fashewa, sai garaji duka ya ɗauka. Wani mai faci har da kwanciya a kan taya. Ni kuwa na duƙa ina yi kamar ina neman kusa a ƙasa, don Alhaji abokin ciniki ne.

Da dariya ta lafa, Alhaji ya ɗauki makulli daga kapo ya miƙa wa Isufu, yana kallon gefe. "To, tashi, karɓi. Rana tana yi."

Isufu ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa, amma bai miƙa hannu ba. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Alhaji, a gaban mutanen nan ka ce na yi maka sammu. Da yamma maganar tana Guci, ƴaƴana za su ji ta a rijiya. In ka janye, a gabansu za ka janye."

Ba wanda ya ƙara dariya. Alhaji ya tsaya da makulli a hannu, ya dubi uwarsa ko za ta cece shi. Ta ce, "Me kake kallona? Bakinka ne ya faɗa." Alhaji ya juya wajen jama'a. Sannan ya ɗaga murya yadda har na bakin titi suka ji: "Jama'a, ku shaida, na zalunci Isufu. Bai yi mini komai ba sai alheri. Isufu, ka yafe mini don Allah." Sai a lokacin Isufu ya karɓi makullin, ya ce, "Na yafe, Alhaji," ya juya yana share ido da hannun riga.

Fankar ba abin da ya same ta. Na wanke ta, na ɗiga mata mai, na mayar, na sa fizibil da sabon filtir. Sanyi ya busa, zafi ya busa. Hajiya Inna ta ce sai na samar wa kayanta wurin da ba su hana iska, na ɗaure su da waya ƙarƙashin kujera, duka ukun. Alhaji yana kallon sama kamar ba ya gani, amma da zan tashi ya raɗa mini, "Jar nan, ƙara mata waya."

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mu masu buɗe cikin mota, cikin gidan mutane muke buɗewa, kuma abin da ya fara faɗowa ba shi ne ƙarshen magana ba. Ka girgiza har sai ba sauran abin da zai fito, sannan a buɗe baki. Kuma duk ranar da mota ta lalace, ku lura, wanda ke riƙe da sitiyari ake fara nunawa, shi kuwa sau da yawa ba shi da kowa a wurin. In kuna da hannu a aikin, kada ku bari a yanke masa hukunci kafin ku gama.